Babur ɗin Yaya Nura da Na Gani a Bikin da Ba a Gayyace Mu Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar masu gyaran babura na shiyyarmu ta cikin gari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya iyali, ya kasuwa, ya jama'ar da Allah ya ɗora maka? Sunana Ummi, 'yar Koki ce ni, turaren wuta da humra nake sayarwa ta waya. A aji uku na sakandare na tsaya, in ka ga rubutun ya karkace a yi min afuwa. Sau biyu ina zuwa rumfar ƙungiyarku ana ce min ka fita, na bar lambata ba wanda ya kira. Shi ya sa na kawo maganar fili a shafina na intanet, tunda nan ɗin na fi iyawa.

Magana ce a kan babur, da wani mutuminka, Sabi'u makaniki.

Yayana Nura tela ne a Legas. Tun muna yara ba shi da buri irin babban babur ɗin nan na tsere mai ƙaton tanki, wanda samari suke ce wa fawa. Bayan ƙaramar salla na gano masa wani na hannu a sitatus ɗin wani dillali. Ya sha wuya kam, fenti ya koɗe, salansa ta fashe, kujera ta yage har soso yana leƙowa, amma inji lafiya lau. Nura ya turo kuɗin guminsa, muka je da Kawu Sani aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Da aka zo rubuta takarda, mai abu, wato Nura, ba ya gari, sai aka ce a sa sunana. Na sa hannu ina washe baki, har da ɗaukar hoto. Ka riƙe wannan, Alhaji, za mu dawo kansa.

To ka dai san lungunanmu. Da aka turo shi gida sai ya ƙi shiga. Ga kwata a tsakiya, ga kwana, ga shi hannunsa ya fi ƙofar zaurenmu faɗi. Maza huɗu suka kama, ba abin da aka samu sai bango da ya karce tankin ta hagu, dogon zane mai lanƙwasa kamar lauje. A nan na yi wautata. Ni da bakina na ce a kai wa Sabi'u ya gyara, ya kuma riƙa kwana a garejinsa. Ɗan unguwa ne, kakarsa da kakarmu tare suka tashi, Innarmu ɗana take ce masa. Irin wannan wa zai iya buɗe baki ya ce masa rubuta min rasit? Makulli biyu ne, duka na miƙa masa, har da Allah ya sa albarka.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Aikin da Nura ya ce a yi ba ɓoyayye ba ne: baƙin fenti, sabuwar salansa, sarƙa, da tayar baya. Na ba Sabi'u dubu tamanin na salansa kaɗai, hannu da hannu, a gaban Kawu. Yau wata uku, kullum kaya suna hanya daga Onica. Yau mota ta lalace, gobe direba ba lafiya. Fenti ma wai sai kaya sun iso. Banda tayar baya da ya sa tun farko, kujera ce kawai ta kammala, ita ma don ni na ɗauke ta da kaina na kai kasuwar Kurmi wajen wani dattijon baduku, ya lulluɓe ta da jar fata, ya bi gefen da koren zare. Na yi masa tsegumi har sai da ya warware ya sake. Duk Kano ba mai irinta.

Na biyu. Ranar da aka kai babur ɗin na ɗauki hoton mitarsa. Ba zargi ba ne ya sa, ni ko tuwo na tuƙa sai na ɗauka. Da na leƙa bayan wata guda, lamba tana nan inda take, amma wayar mitar a cire tana reto. Sabuwar tayar baya ta yi sulɓi a tsakiya. Na taɓa inji, da zafi. Ya ce gwaji ya yi. Alhaji, kai ne masani, wane irin gwaji ne yake cinye taya a wata ɗaya?

Na uku, wanda shi ne ya hana ni cin abinci. Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar ina kwance ina latsa waya, sai ga bidiyon rakiyar wani ango, samari suna wasa da babura a titi. Wani ya ɗaga gaban nasa sama, fuska a rufe da hular kwano. Na tsayar, na janyo hoton kusa. Jar kujera. Koren zare. Ga laujen nan a jikin tanki. Ga kuma salansa sabuwa fil tana aman wuta, ita dai wadda take hanya daga Onica. A ƙarshen bidiyon babur ɗin ya kwashi teburin wata mai awara, kasko ya kife da mai, mahayin ya ƙara wuta ya tsere. A ƙasan bidiyon masu sharhi sai tsinuwa suke, a nemo mai lambar, a nemo mai lambar. Har wani ya karanto rabinta. Alhaji, sunan wa yake kan takardar?

Na bi diddigi na samo wasu bidiyon guda uku, biki daban-daban, mahayi daban-daban, kujera ɗaya. Ban ga an miƙa wa kowa kuɗi ba, ba zan ɗauki alhaki ba. Amma ni 'yar kasuwa ce, na san ba a ba da abu irin wannan sau huɗu don Allah da Annabi.

Mai awarar nan kuwa na nemo ta. Baba Talatu sunanta, ƙafarta a naɗe, jikoki uku take ci da su da kaskon nan. Na kai mata man ƙuna da 'yar humra, ta yi ta sa min albarka, ni kuwa na kasa gaya mata ko ni wace ce. A hanya na yi ta kuka a cikin hijabi.

Na huɗu. Da na nuna wa Sabi'u bidiyon dariya ya yi, wai babura suna kama, wai ke mace me kika sani a babur, je ki ji da turarenki. Eh, ban san inji ba. Amma na san ɗinkin da na tsaya a kai aka yi. Sannan akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma da kai nake. Ranar da na fara zuwa rumfarku ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Kafin na koma gida, kakar Sabi'u tana zaune a ɗakinmu tana hawaye, wai zan tozarta mata jika. Wa ya kai masa labari? A rumfar nan mutum uku na tarar. Ban ce da saninka ba, tambaya nake.

Inna ta hana ni zuwa wajen hukuma, ta ce a duba zumunci. Na ji, uwa ce. Amma ranar da aka karanto sauran rabin lambar nan, ba ƙofar kakar Sabi'u za a buga ba.

Abin da nake roƙo, don girman Allah: ka tara mu a gaban mai unguwar da ya shaida cinikin, Sabi'u ya faɗi wanda ya ba babur ɗin ranar Asabar, a rubuta, ya sa hannu. A biya wa Baba Talatu magani da kasko, kuma ba daga aljihun Nura ba. A dawo min da makullaina biyu, ba ɗaya ba. A kuma ba ni makaniki wanda ba ɗan unguwarmu ba ya buɗe injin a gabana, don yanzu ban yarda abin da muka kai shi ne a ciki ba.

Kafin nan, kada a ce an yi sata a gareji: jiya ni da Gwaggo Hajara muka je da rana tsaka, na ari sifana a wajen mai faci, na kwance kujerar na ɗoro ta a ka har gida. Ita dai ta shiga lungun lafiya, tana ƙarƙashin gadon Inna. Mai son hawa sai ya hau a tsaye, ko da yake na ga a tsayen ma hawa suke.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko a kan naka ne, ya sa ka gama da jama'arka lafiya.

Yaya Nura, na san kana bibiyar shafin nan, kuma duk sanda ka tambaya ce maka nake aiki yana tafiya. Ka yafe min. In za ka kira, ni za ka kira, kar ka kira Inna.

Wassalam.

Ummi, ƙanwar Nura, daga Koki.