Awa Shidan da Suka Ɓuya a Tikiti

Aikin farko yau: na kai fasfon Ummi a yi masa kwafi biyu.

Assalamu alaikum, Malam. Da fatan rahamar Allah tana iske ka a makwancinka. Shekara uku ke nan da ka bar mu a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, har yanzu kai nake fara kai wa labari.

'Yarmu Ummi ta samu gurbin karatu a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya. Wanka, Yaya Habu, ya kira daga Kano, ya ce shi ne uba yanzu, kuma ba zai yarda ɗiya mace ta yi tafiyar da ta wuce yini da dare ba muharrami ba. Tikitin ya nuna tashi daga Alƙahira Talata ƙarfe huɗu na yamma, a yada zango a Doha, a sauka Laraba ƙarfe shida na yamma. Awa ashirin da shida. Ya ce khalas, a bar maganar.

Sau bakwai na lissafa a littafina. Doha zuwa Kuala Lumpur kaɗai ta cinye awa goma sha biyu da rabi. Na ce ko kaina ne, ni da iyakata sakandare.

Sai na tuna azuminmu na farko a nan. Ka kai dabino baki kana dariya, ka ce, "Mu sha, mutanen Kano su ci gaba da haƙuri."

Na hau wurin maƙwabciyarmu ta sama, ɗaliba 'yar Malesiya. Agogo biyu ne a bangonta, ɗaya na nan, ɗaya na garinsu. Tsakaninsu awa shida cif. Ashe kowane gari da agogonsa aka rubuta a tikitin. Tsakanin agogon Doha da na can awa biyar ne, don haka Doha zuwa can awa bakwai da rabi ne, tafiyar duka awa ashirin.

Na kira Yaya. Na gaishe shi, na tambaye shi ƙarfe nawa a wurinsu. Ya ce biyar. Na ce nan shida, shin na riga shi tsufa da awa ɗaya ke nan? Ya sa na maimaita lissafin a hankali, ina jin ƙarar takarda. Daga ƙarshe ya ce, "To ke ce malamar yau. Allah ya kai ta lafiya."

Malam, ni na yi wannan. Ni da kullum kake cewa in daina goge amsar da na rubuta daidai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa karatun 'yarka ya zame maka sadaka mai gudana.

Taka har kullum,
Maman Ummi

Gobe:
a ɗinke zif ɗin akwati
a daka yaji a ƙulle mata
a sayo agogon bango na biyu