Ƙwayoyin Derk a Gwangwanin Kusoshi

Litinin, 4 ga Maris
Yau na gane. Na shiga shagon gyaran keken mijina Derk neman makulli, na buɗe gwangwanin kusoshi, sai ga ƙwayoyin maganin da asibiti ke gwadawa a kansa, fal. Ashe ya daina sha, kwalin kawai yake mayar musu. Shi ya sa farfaɗiyar ta dawo ta kayar da shi cikin ruwa. Kwana goma sha tara da binne mijina.

Laraba, 6 ga Maris
Ban yi ƙarya ba. Duk wata suna ba ni fom, tunda ni ce matarsa. Yaya barcinsa, yaya fushinsa, yana jin daɗin rayuwa? Gurbi biyar ne, daga mafi kyau zuwa mafi muni, kullum na tsakiya nake zaɓa. Haka muka tashi a Groningen, ko gidanka na ci da wuta "da sauƙi" za ka ce. Kuma faɗuwar ta ragu, daga shida a wata zuwa ɗaya.

Lahadi, 10 ga Maris
Kofi a gidan Mama, uwar Derk. Biskit ɗaya ɗaya kamar kullum. Ta ce, "Hiltje, maganin nan ya ba ɗana shekara mai kyau." Ƙanwarsa Aaltje ta ce, "Haba Mama, mutumin da ya fi rediyo surutu ya koma turken fitila!" Mama ta ce, "Ke dai bakinki ba ya hutu." Na shanye kofina.

Alhamis, 14 ga Maris
Derk ya daina yin fito da baki tun wata na biyu da fara shan maganin. Babu wannan tambayar a fom.

Asabar, 16 ga Maris
Ranar da ya jefi bango da sufana don kare ya yi haushi, ya zauna a ƙasa yana kuka. Da yamma ya leƙo ina cike fom. "Me kika sa, malama?" Na ce na tsakiya. Ya ce, "To, madalla." Tsorona kada su cire shi daga gwajin maganin faɗuwar ta dawo. Kowace mace haka za ta yi.

Talata, 19 ga Maris
Nas Wilma ta kira daga asibiti ta yi mini gaisuwa. Cikin hira ta ce saura mutum arba'in suna shan maganin. Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 20 ga Maris
Na hau keke na kai mata gwangwanin, har da kusoshin. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce yau likitoci za su ji. Na roƙi sababbin fom na wata goma sha ɗaya, na cike a gabanta, na rubuta maganar fiton a gefe. Ba wai a da na yi kuskure ba ne, yanzu dai na fi tunawa. Biyu kawai suka faɗa gurbin tsakiya.

Mama ce ban faɗa wa ba tukuna.