Hayaƙin da aka gani a gonar dawa nawa ne

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, in da hali ma ka ɓoye salon rubutuna, domin akwai tsofaffin ɗalibaina a nan kuma sun san yadda nake sa waƙafi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni ita kafin Juma'a, wadda ta zo bayan Juma'a jaje ce.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da Turanci a wata sakandare a ƙasar Minjibir, ina zaune a ƙauyenmu cikin gidan mahaifina, wanda shi ne limamin unguwarmu kuma yana da makarantar allo a zaure. Tun ina kwaleji nake shan sigari, Baba bai taɓa sani ba. Ɗan birni zai ce ai wannan mai sauƙi ne, ƙauye akwai daji. To mu ba mu da daji. Gona manne take da gona, gida na hango gida, in ka tsaya a gindin kuka kana tunanin duniya sai ka ji ana yi maka sannu da aiki daga gabas da yamma. Mai shan sigari a ɓoye a wajenmu da kalandar noma yake tafiya, da damina in gero da dawa suka rufe tsawon mutum yana cikin ni'ima, da rani kuwa in an share gonaki sai dai ya haƙura har ya je bayan tasha a gari. Haka na rayu shekara da shekaru, ina koya wa yara gaskiya da riƙon amana a aji, ina tauna kanumfari a hanyar gida.

Bana tari ya kama ni, irin wanda nakan tsaya tsakiyar jimla yara su ƙarasa mini. Likita ya saurari ƙirjina, ya tambaye ni kara nawa nake sha a rana, na faɗa masa rabi, ya rubuta ninki, ashe shi ma ya san ɗalibai. Ya ce, "Malam, ko ka ajiye ta ko ta ajiye ka." Na gwada goro har haƙorana suka koma kalar tukunya, na gwada alewa, na gwada aswaki, na gwada azumin Litinin da Alhamis, wanda yake aiki sosai har zuwa kiran magariba. Daga nan wani abokin aikina, malamin lissafi, ya ce shi da sigarin lantarki ya rabu da taba, wannan da samari ke kira bef. Na yi karatu a kai har idona ya yi ja. Abin da na fahimta shi ne ba magani ba ne, ba kuma a ce ba shi da illa ba, amma wasu da suka riga suka kamu suna hawansa kamar tsani, suna rage ƙarfin nikotin kaɗan-kaɗan har su sauka gaba ɗaya. Na ce to, wanda ke cikin rijiya ba ya tambayar wa ya sassaƙa tsanin, ni dai a fitar da ni.

Na hau mota na shiga birni, na sami shagon. Mai shagon ya jera mini iri-iri a kan gilas, akwai wadda ake sha a yar, akwai 'yar siririya kamar biro da ake zuba wa ruwa, akwai kuma wata ƙatuwa mai kama da akwati, da tanki a kanta da maɓallai da ɗan allo mai nuna lambobi. Tambayoyina ba su wuce na ɗan ƙauye mai ɓoye-ɓoye ba: wacce batirinta ya fi daɗewa, tunda wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, kuma wacce ce in aka gan ta ba za a ce ta sha ba ce. Ƙatuwar ta cinye duka biyun, in ka kwance tankin sak fawa banki na cajin waya. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, ka iya zaɓe." Ya tambaye ni ɗanɗano, na ce mangwaro. Abin da ban tambaya ba, kuma shi ne kaɗai ya kamata in tambaya, shi ne yawan hayaƙin da take fitarwa. Sai da na ja ta a karon farko na gane na sayi injin yin gajimare. Ruwan da ake zuba mata nikotin ɗinsa kaɗan ne, don haka mai tsohon ƙirji irin nawa sai ya yi ta ja kafin ya ji wani abu, kuma kowane ja sai ka ɓace wa kanka.

Duk da haka, jama'a, ta yi aiki, kuma wannan ne abin da ke ci mini rai. Na yi kusan wata ban taɓa sigari ba. Tari ya ragu, na fara jin ƙamshin daddawa a miya, na karanta shafi guda a aji ban tsaya ba har yara suka dube ni da mamaki. Matsalolin ƙanana ne. Uwargida ta tambaye ni inda nake samun mangwaro a watan da ko fure bai yi ba. Mai cajin waya ya ce, "Malam, wannan fawa bankin naka ci kawai yake, ba ya bayarwa," na ce masa ai irin na manyan ma'aikata ne.

Yanzu ga inda aka ɓata. Muna da maƙwabci, bari in kira shi Ishaya, tare muka yi firamare. Kirista ne, daga cikin tsofaffin gidajen manoman yankinmu. Gonar da yake nomawa ta Baba ce, tun zamanin mahaifinsa aka ba su aro, kuma ita ce abincin gidansa, ba shi da wata. Duk rani yana kai mata taki a jaki, mangala bayan mangala, har ta zama dawarta ta fi ta kowa tsawo da duhu a duk faɗin unguwar. Kun gane dalilin da ya sa kusurwar gonar nan ta zama ofishina. Kuma a al'adarmu, da zarar kaka ta kama, mai unguwa yakan sa a yi shela cewa kada wanda ya kunna wuta a gona, ko ta gasa gyaɗa ce, har sai damin ƙarshe ya shiga rumbu, domin a inda kara ke taɓa kara, wutar mutum ɗaya yunwar kowa ce. Ni kuwa na ɗauka shelar ba ta shafe ni ba, tunda na bar ashana.

Ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar na shiga kusurwata. Iska a tsaye take cik. Na ɗan murɗa wani maɓalli don neman ilimi, na zauna ina ja. Ban san cewa farin abin nan yana taruwa a saman zangarniya ba sai da na ji muryar Gwaggo Hansai, wata tsohuwa da ke dawowa daga rijiya, tana ihun gobara. Wallahi da farko ni ma na tsorata, na miƙe ina duba ta ina wutar take. Da na gane ni ne wutar, sai na yar da na'urar cikin yabanyar wake, na fita ta ɗaya ɓangaren, na zagayo, wani ya miƙa mini bokiti na karɓa. Na shiga sahun masu kashe gobarar da na hura da bakina. Maza da mata da bokitai da ganye suka faɗa gonar, aka tattake waken da Ishaya ya shuka a ƙarƙashin dawa, aka karya kara ba adadi, aka duba ko'ina, ba wuta, ba toka, ba ko baƙin ƙasa. Sai ƙamshin mangwaro.

Kashegari mata masu tsince abin da ya rage na waken suka tsinci na'urar, aka kai wa mai unguwa. Tun daga nan unguwa ta kasu. Wasu sun ce abin kunna wuta ne daga nesa. Samarin da suka san ko mene ne sun yi gum, don kada a tambaye su inda suka sani, sai ɗaya da ya ce ƙanwar shisha ce, aka kuwa yi masa caa. Tsofaffin mata suka ce hayaƙi ba toka da ƙamshin abin da ba lokacinsa ba, wannan ba aikin mutane ba ne, daga nan wani ya fara tuno abin da kakan Ishaya yake yi a gindin tsamiya tun kafin a haife mu. Ina zaune aka faɗi wannan, a kan mutumin da ya ɗauki gawar yayana tare da mu zuwa maƙabarta, kuma ban kare shi ba. Baba bai yarda da zancen iskoki ba, ya ma tsawatar. Amma ya ce gona a hannun Ishaya take, abu a gonarsa aka same shi, ko nasa ne ko ya san mai shi, kuma in Juma'a ta yi mai abu bai fito ba, Ishaya ya girbe dawarsa ya bar gonar, ba zai bar ƙasarsa a hannun mai wasa da abincin jama'a ba. Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana.

Ga kuma ƙarashen. A ƙauyenmu ni ne mai karanta rubutun Turanci, na jikin maganin feshi, na buhun taki, na kwalbar asibiti, duk ni ake kawo wa. Don haka mai unguwa ya aiko cewa bayan sallar Juma'a in zo gaban dattawa in karanta abin da ke jikin wannan abu, in yi musu bayanin aikinsa. Na ce ina makin jarrabawa, ya ce jarrabawa ta jira.

Uwargida ta gane fawa bankin tun daga kwatancen mata. Mun yi rigimar da ba mu taɓa yi ba, da murya ƙasa-ƙasa don ɗakin Baba na kusa. Ta ce ta haƙura da warin taba, ta haƙura da mangwaron ƙarya, amma ba za ta ci tuwo a gidan da aka kori yaran Ishaya daga abincinsu saboda ni ba, kuma matarsa ce ta kwana da ita ranar haihuwar 'yarmu. Na ce mata ta tuna Baba na da hawan jini, ta tuna ni nake jan salla in ba shi da lafiya, ta tuna kalmar shisha in ta manne wa malamin makaranta ba ta fita, iyayen yara ba za su tsaya bambance nikotin da ƙwaya ba. Ta ce duk ta tuna, ni ne ban tuna ba lokacin da nake zaɓen ɗanɗano. Ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa.

Jiya na haɗu da Ishaya a hanyar gona. Na shirya jaje mai tsawo, bai bar ni na fara ba. Ya gaishe ni, ya tambayi Baba, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Malam, tarin nan kuwa ya yi sauƙi? Kwana biyu ban ji shi ta wajen dawa ba." Ya ɗan yi murmushi ya wuce. Ashe duk daminar nan yana jin tarina a gonarsa. An tsare shi gaban mai unguwa, an ambaci kakansa, bai kira sunana ba.

Tun da na'urar ta bar hannuna jikina ya dawo da tsohon karatunsa. Na yi wa wani yaro tsawa a kan alli, kuma a yanzu haka akwai karan sigari a cikin ƙamus ɗina, na saya ban kunna ba, ina buɗe shafin fiye da yadda na taɓa buɗe shi don neman kalma. Malamin lissafi ya ce zai kawo mini 'yar siririyar nan mai kama da biro, wai ita hayaƙinta kaɗan ne, janta ya fi kusa da na sigari, ita ya kamata ɗan koyo ya fara da ita. Waɗanda suka bi wannan hanya, don Allah ku gaya mini gaskiya, haka ne? Wane ƙarfin ruwa mai tsohon shan taba yake farawa da shi, kuma da gaske ana sauka har a daina, ko sabon ubangida kawai zan yi? Ko kuwa in haƙura da na'ura kowace iri in koma wajen likita? Ina tsoron in na zauna hannu sake zuwa mako mai zuwa, ƙamus zai ci ni.

Amma babbar tambayar ita ce ta Juma'a. Na yi tunanin in ce abin feshin sauro ne da ya faɗo wa wani baƙo, wataƙila dattawa su yarda, gona ta tsira, ni ma in tsira, sai dai ƙarya ce a gaban mahaifina da alwala a jikina, ga samari a baya suna kallon ƙasa, ga Ishaya. Na yi tunanin in sami Baba shi kaɗai kafin ranar, sai in kasa samo jimlar farko, ni da nake koyar da yadda ake buɗe insha'i. Waɗanda suka taɓa faɗa wa tsoho irin wannan, ta ina kuka fara? Shi kaɗai, ko in nemi wani amininsa ya zauna? In bar shi ya ji a gaban mutane kuwa ina ganin ba zai tashi daga tabarmar ba.

Rubutun da ke jikin na'urar bai kai layi biyu ba, na iya shi da ka. Yau da safe da zan tafi makaranta na ga Ishaya a ƙofar gidansa tsaye kan tarin takin da ya fara haɗawa don baɗi, da shebur a hannu, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sai Juma'a, Malam."

Jama'a, me zan karanta musu?