Kada Ka Hau Jirgin Litinin

Mukalla, ranar Talata.

Zuwa ga jikana Faraj,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yau na tashi da kumburin ƙafa har gwiwa, numfashi kuma sai na jingina da bango yake fita. Likita ya duba ni, ya ja Ummu Nasir maƙwabciyata waje suka yi ƙus-ƙus. Kurma ne ni, amma idona yana gani.

Ko da akwai waya a sansaninku na tsibirin Sokotra ma, kunnen da teku ta cinye ba zai ji ka ba. Ka bar kifayen nan ka zo in gan ka. Tun da uwarka ta rasu ba ni da kowa sai kai. Kada ka ce sai bayan iska ta rufe teku, ban ga alamar zan kai ba.

Kakanka, Salmin.

*

Sokotra, ranar Juma'a.

Kaka,

Gaisuwa da ban girma. Tsoho mai ran ƙarfe, bara ma haka ka ce, na zo na tarar da kai kana cin kifi da shinkafa har da neman ƙari! To ina zuwa a jirgin saman Litinin. Baƙina na ƙarshe, masu yawon nutso, suna so in kai su can ƙasan dutsen murjani inda kunkuru yake kwana, da safiyar Litinin ɗin. Ina fitowa in ajiye tukunyar iska, sai filin jirgi. Kafin la'asar ina gabanka, gishiri bai bushe a gashina ba.

Na san dokar da ta ce bayan nutso a kwana a wuni kafin a tashi sama. Ta Turawa ce masu jikin auduga. Ni jinin Salmin ne. Zan kawo maka zuma.

Naka, Faraj.

*

Mukalla, ranar Asabar.

Faraj,

Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba. Ja'iri, jinin Salmin ɗin ne ya zaunar da Salmin a tabarma! Ka taɓa ganina na miƙe ba sanda? Da ƙuruciyata na nutsa da tiyo a baki, injin iska ya mutu, na taso da sauri. Likitan birnin Adan ya buɗe kwalbar lemo a gabana ya ce, "Ka ga kumfar nan? Haka jininka ya yi." Wanda ya fito daga zurfi ya hau sama a ranar, kumfar nan ce take jiransa, kuma babu ruwanta da Bature ko Balarabe.

Ummu Nasir ta ce, "Haba Baba Salmin, kai da kake kuka ya zo?" Na ce mata ina so. Allah ya sani ina so. Na san jirgin sau ɗaya yake zuwa a mako, na kuma san abin da likita ya faɗa a waje. Duk da haka, in ka nutsa ranar Litinin, kada ka hau. Ban yafe ba in ka hau. Ka riƙe ƙafafunka, da su za ka zo kabarina.

Na ba wani mai jirgin ruwa wannan takarda. Ya ce in teku ta yarda. Allah ya sa ta riga ka.

Kakanka.

*

Mukalla, ranar Litinin da yamma.

Faraj,

Yau ko ruwa bai zauna mini ba. Na sa an jawo tabarmata bakin ƙofa. Ummu Nasir ta je filin jirgi, ta tsaya har mutum na ƙarshe ya fito. Ta tambayi ma'aikata ko an sauko da wani a kwance, suka ce babu.

Ta dawo tana share hawaye, ta ce, "Baba, bai zo ba."

Na ce mata, alhamdu lillahi. Ta mayar da ni ciki.

Salmin.