Kujerar Jar Kaza

Villa Ardiles, 5 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Goggo Nélida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki da sanyin nan?

Goggo, kin san aikin farko da gidan tarihin jiha ya ba ni tunda na gama jami'a shi ne in ɗauko Jar Kaza, motar da Don Hilario Zabaleta ya ci tseren awa ashirin da huɗu da ita har sau uku. Ita za a girke a tsakiyar zaure ranar buɗe sabon ɓangare, wata mai zuwa. Darakta ya ce in na kawo ta lafiya, aikina ya tabbata.

Jiya da safe Don Hilario ya buɗe min garejin da kansa, yana riƙe da ƙoƙon shayin mate. Goggo, babu mota. Jan bodi ne a kan bulo. Babu inji, babu taya, babu sitiyari. Kujerar direba kaɗai ta rage.

Na ce, "Don Hilario, ɓarayi ne?"

Ya ce, "Ɓarawo ɗaya ne, 'yata, ga shi gabanki da ciwon baya."

Shi ya kwance ta, yana rabarwa tun bayan Ista. Na zaga gari na gani da idona. Lagireto yana rataye a gidan burodi. Injin yana bayan shagon mahauci, an lulluɓe shi da bargo. Wata tsohuwa, Doña Eulalia, ta ɗora fitilu biyun kan teburin falonta kusa da hoton mijinta. Na tambayi mahaucin dalili, ya ce, "'Yar birni, nama kike so ko labari? Labari sai bayan azahar."

Ban sanar da darakta ba tukuna. Me zan ce masa?

'Yarki,
Araceli

Rosario, 11 ga Mayu

Araceli 'yar gidana,

Ina gaishe ki. Ƙafa tana nan, ita da ni ba mai sakin wani.

Na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo. Shekara biyar a jami'a, ba wanda ya gaya miki yadda ake haɗa motar tsere a ƙauye? A zamaninmu direba ba shi da mota, gari ne ke da ita. Duk Asabar a gasa nama a bayan gareji, mai ƙarfe ya kawo ƙarfe, mai taya ya kawo taya. A garinmu kakanki ya cire giyar taraktarsa ya ba direbanmu, wanda bai taɓa kai ƙarshen tsere ba ko sau ɗaya, amma muna raka shi da kuka kamar zai tafi yaƙi. Hilario kuwa a rediyo muke binsa, muna zaginsa saboda ba namu ba ne, muna kuma roƙon Allah kada ya kife.

Daina zaga gari da abin awo. Je ki zauna, in ya miƙo miki mate ki sha, kada ki goge bakin tsinken da ake zuƙa da shi, na san halinki.

Ki ci abinci.

Goggonki

Villa Ardiles, 16 ga Mayu

Malama Araceli,

Barka da yini. Na aiko wannan wasiƙa masaukinki ne don baki ba ya bari in faɗi magana a tsare.

Gaskiya ne na yi wa darakta alkawari bara. Ce masa na yi zan ba shi abin da yake nawa, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba.

A tsere na biyu lagireto ya fashe mana da tsakar rana. Uban mai burodin nan ya kwance na motar tallansa a bakin fili, muka ɗaura, na ci tseren, gari ya yi mako ba burodi. Injin na motar ɗaukar shanu ta kakan mahauci ne. Fitilun mijin Eulalia ne. Aro na yi, kuma likita ya ce zuciyata ta kusa kai layin ƙarshe. Ba na son in tafi da kayan mutane.

Kujera kam tawa ce. Marigayiya matata Ofelia ta ɗinka fatar daidai bayana. Ita zan ba ki.

Ki zo gobe. Na ga kin fara iya shan mate.

H. Zabaleta

Villa Ardiles, 28 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Don Hilario ya rasu ranar Litinin, a zaune a ƙofar gareji. Har yanzu ban gama yarda ba.

Washegari da safe na ji ƙarar baro a titi. Na leƙa, sai ga mai burodi da lagireto, ga mahauci da 'ya'yansa suna turo injin, ga Doña Eulalia ta rungume fitilu a tawul. Ba wanda ya kira kowa. A gaban coci suka haɗa Jar Kaza, suna musu, suna zagin juna.

"Kai, mai fulawa, juye ka ɗaura shi!"

"Kai da ba ka san komai ba sai haƙarƙari, za ka koya min?"

Da la'asar ta tashi. Goggo, ƙararta ta sa tattabarun coci suka watse, manyan maza suna kuka. Ita ta ja gaban akwatin gawar har maƙabarta.

Muna dawowa muka tarar da babbar motar gidan tarihi. Na kasa faɗa wa darakta gaskiya, shi kuma ya turo ta a ranar da aka tsara. Direban ya kalli Jar Kaza ya ce, "Ai ga ta cif! Mu loda, Malama, kafin duhu."

Mahaucin ya goge hannu a riga ya ce, "'Yar birni, mun san aikinki ne a kai. In kin ce a loda, da kanmu za mu tura ta."

Doña Eulalia kuwa tawul ɗinta kawai ta ninke ta sa a jaka.

Goggo, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Araceli

Córdoba, 20 ga Yuni

Goggo,

Gaisuwa. An buɗe zauren jiya. A tsakiyarsa, cikin jar igiya, kujera ce guda ɗaya. Ban bari an loda motar ba, sauran kayan kowanne ya koma gidansu. Na faɗa wa darakta komai, tun ranar bai amsa gaisuwata ba, ya ce za a yi maganar aikina a ƙarshen wata.

Mutanen Villa Ardiles sun zo cike da bas. Mahaucin ya tsallake igiya ya zauna a kujerar, ya miƙa hannu biyu gaba kamar mai riƙe da sitiyari. Mai gadi ya kalle ni. Na ce ya ƙyale shi, akwai layi a bayansa.

Taki,
Araceli