Hakkin Kaza Ba Kuɗin Tikiti Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Idi Maikaji, Shugaban Kwamitin Masu Sayar da Kaji na Adjamé, Abidjan, tare da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan jama'ar layin kaji. Allah ya ƙara maka haƙurin jama'a.

Ranka ya daɗe, ni ne Sallau ɗan Madawa, mai yanka a rumfar da ke bayan layi, wanda kwamitinka ya karɓe wa katin aiki yau mako uku ke nan. Shekara ashirin da biyu ina yanka a wurin nan, tun ana kafa rumfunan da kara. Sau biyu na zo bironka, wato ofishinka, aka ce ka fita. Tunda a bainar jama'a aka ɓata mini suna, na ga ya kamata amsar ma ta fito bainar jama'a. Da ajami na rubuta, surukina ya mayar da ita boko, za a liƙa ɗaya a ƙofar biro, ɗaya a masallacinmu na Treichville. Da gangan na yi ta da Hausa, domin a cikin Faransanci aka yi mini ɓarnar.

Na ɗaya: yadda nake aiki.

Ka fi ni sanin yadda kaji ke iso mana. Daga ƙasar Volta ake loda su a jirgin ƙasa, cikin kwanduna, wani kan wani. Kafin a sauke su a gar, wato tashar jirgi, a turo su Adjamé, sun kwana biyu ba su ga ruwa ba. Duk wanda ya taɓa buɗe kwandon ya san yadda suke: baki a hangame, ido a lumshe, wasu ma ba sa iya tsayuwa.

Idan aka miƙo mini kaza, abu uku nake yi. Ina tsoma bakinta a wani tsohon kwanon sha da nake ajiyewa kusa da ƙafata, in jira ta ɗaga kai ta haɗiye. Ina shiga da ita bayan buhun da na rataye, don kada 'yan'uwanta su ga abin da zai same ta. Wuƙa kuwa a gida nake wasa ta bayan sallar asuba, ba na wasa ta a gabansu. Haka malamina ya koya mini a Madawa, haka nasa malamin ya koya masa. Duk jinkirin da wannan ke jawowa a kan kowace kaza bai wuce karatun Fatiha ɗaya ba. Na san ana kirana Sallau Sannu-sannu a bayan idona, ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ne.

Na biyu: abin da ya faru.

Makon bikin ƙarshen shekara ne, ranar Alhamis da hantsi. Layin masu jira ya kai har wajen matan Guro masu ayaba. A gaba akwai Madam Akisi, mai gidan abinci kusa da 220 Logements, wadda ta sayi kaji talatin za ta yi kejenu, dahuwar kaza irin ta mutanen nan. Ta daɗe tana kawo mini yanka, ba mu taɓa saɓawa ba.

Ina kan ta shida sai ga magatakardan kwamitinka, Karimu ɗan marigayi Alhaji Bawa. Mushe Karimu ake ce masa, yadda mu mutanen Nijar muke kiran mai ilimin lakwal, wato makarantar boko. Kada a ce na zage shi, ko da yake a sana'ata kalmar tana da wata ma'ana dabam. A Treichville aka haife shi, ni na yanka ragon sunansa. Yaro ne mai kirki, sai dai Faransancinsa ya fi Hausarsa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ya ce mini, "Baba, fais vite, mutane na jira! Ruwan me kuma? Kazar nan minti biyu ya rage mata, c'est pas la peine." Wato wahalar banza ce. Ya sunkuya ya ɗauki kwanon ya zubar da ruwan a kwata.

Na ajiye wuƙa na ce masa, "Karimu, akwai hakki fa. Kowace kaza da hakkinta, kuma sai an biya shi."

Alhaji, duk Bahaushen da ya girma a gaban kakarsa ya san inda ake biyan irin wannan hakki, ya kuma san ba a kasuwar Adjamé ba ne. Karimu bai sani ba. Ya juya ya tambayi mai figar kaji da ke gefena, "Hakki, c'est droit, non?" Shi kuwa ya gyaɗa kai yana ta figarsa. To droit a Faransanci ma'anarsa biyu, 'yanci da haraji, amma a kasuwar nan droit ɗaya kowa ya sani, wato kuɗin tikitin da ake yankar wa masu tebur kowace safiya. Madam Akisi na jin kalmar ta ɗora hannu a ka, ta ce ita ta biya kuɗin kaza, ta biya kuɗin yanka, wane sabon droit ne kuma tsoho ya ƙirƙiro. Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layi cewa Sallau ya ƙi yanka sai an ba shi haraji a kan kowace kaza.

Na uku: zaman kwamiti.

An zauna ranar Asabar ba a kira ni ba. Da Faransanci Karimu ya rubuta rahotonsa, kuma shi ne dai ya fassara wa dattawa. Kalmata ta fita daga bakina tana hakki, ta shiga takarda tana droit, ta dawo kunnenku tana kuɗi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin wannan tafiya, amma ba wanda ya tambaye ni. Ranar Litinin na tsallako gada daga Treichville kamar kullum, na tarar an aiko a karɓi katina, an kuma sa wani a rumfar.

Na huɗu: abin da ya fi wannan girma.

Da surukina ya warware wa Karimu maganar, ya zo gidana da goro ya ba ni haƙuri. Ya yi dariyar kansa har ya zauna a ƙasa. Wannan na yafe tun a ranar. Amma kafin ya tashi ya faɗi wata magana, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na ji kwamiti ya ɗauke ta.

Ya ce ko da ya fahimce ni daidai a ranar, da ruwan zai zubar. Dalilinsa uku. Ya ce droit na mai hankali ne, wanda zai iya zuwa gaban alƙali ya nemi abinsa. Ya ce malaminsu ya karantar da su cewa dabba kamar agogo take, kukanta ƙarar ƙarfen ciki ce kawai. Sannan ya ce in da gaske kaza tana da hakki, to ni ne babban mai laifi a Abidjan, tunda ni ke yanka ta.

Ban yi lakwal ba, amma zan amsa da abin da na sani.

A kan hankali: jinjirin da aka haifa jiya ba shi da hankali, ba zai je gaban alƙali ba. Mahaukacin da ke kwana a gindin gada ma haka. Ban ji Karimu ya ce a hana su ruwa ba. A nan ne na gane kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗa su a ƙamus bai kyauta ba. Droit abu ne da mai shi ke zuwa da takarda ya karɓa, in bai zo ba ya wuce. Hakki kuwa ba ya jiran mai shi ya zo. Yana kan wuyan wanda ya danne, kuma ya fi nauyi idan mai shi ba ya iya magana. Shi ya sa iyayenmu suka fi tsoron hakkin maraya da na jaki fiye da na attajiri.

A kan agogo: ina da agogo, ina kuma riƙe kaza kowace rana. Idan ka sa babban yatsa ƙarƙashin fiffikenta za ka ji zuciyarta tana bugawa. Wadda ta ga jinin 'yar'uwarta bugun yakan ninka, jikinta ya sandare, kashi ya kubce mata. Wadda ba ta gani ba, ta kuma sha ruwa, takan kwantar da wuya a hannuna. Na gwada wannan sau da yawa fiye da yadda malamin Karimu ya buɗe littafinsa. Ina ganin malamin nan bai taɓa yanka ko tattabara ba, a faranti kawai yake haɗuwa da su.

A kan yanka: nan kam ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na yi shekara da shekaru ina juya wannan tambaya a cikin bas, tsakanin Treichville da Adjamé, ban samu amsar da ta rufe ta ruf ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, an halatta mana ranta domin abinci, an faɗa mana sunan da za mu ambata. Ba a halatta mana ƙishirwarta ba, ba a halatta mana firgicinta ba, domin ba wanda ke cin waɗannan. Wanda aka ba izinin ɗaukar abu ɗaya a gidan mutane, in ya haɗa da na biyu, kowa ya san sunansa.

Saura maganar minti biyu. Na so in bar ta, amma ita ce gindin komai. Ranar da Alhaji Bawa zai rasu ina ɗakin, kai ma kana tsakar gida. Likita ya riga ya ce ba zai kai la'asar ba. Bakinsa ya bushe, ba ya magana, ba ya gane kowa. Hajiya, mahaifiyar Karimu, ta zauna tana ɗiga masa ruwa da cokali. Da hannunta ya gaji sai Karimu ya karɓa, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya yi ta ɗigawa har rai ya fita. Ba wanda ya ce masa c'est pas la peine, kuma da wani ya faɗa, da mun fitar da shi waje. Allah ya kiyaye in haɗa aminina da kaza. Abin da nake cewa kawai, Karimu ya san amsar tambayarsa tun kafin ya shiga ajin malamin nan. Gajartar abin da ya rage wa mai rai ba ta rage masa ƙishirwa.

Na biyar: saƙon da ka aiko.

Shekaranjiya an zo mini da saƙonka cewa kwamiti ya yarda kuskure aka yi, za a mayar mini da kati, da sharaɗin in bar shayarwa da shiga bayan buhu a ranakun cunkoso. Na gode da ka tuna da ni. Ranakun cunkoso su ne ranakun da kaji suka fi daɗewa a kwando, su ne kuma ranakun da suka fi yawa. An ce ke nan in ba da ruwa ranar da ba a cika bukatarsa ba.

Ba zan iya ba, ranka ya daɗe. Mutum tara ke ci daga wuƙar nan, mako uku kuma matata ce ke riƙe da gidan da tallan ƙosai a bakin kasuwar Treichville. Na san abin da nake jefawa cikin haɗari, na kuma faɗa mata kafin in rubuta. Ba ta ce na yi daidai ba, ta dai ce in rubuta da ladabi.

Kada kuma a ɗauka tausayi ne ya yi mini yawa. Mai tausayi da yawa ba ya shekara ashirin da biyu a aikina. Tsoro ne. Ban san adadin ran da ya fita a hannuna ba, amma akwai inda aka sani. An karantar da mu cewa ranar hisabi ba mutane kaɗai za a tara ba. In aka tsayar da ni gaban wannan taro, ba ni da abin nunawa sai cewa kowace ɗaya ta sha ruwa, kuma ba ta ga 'yar'uwarta ba. Ba zan je can in ce akwai layi ba.

Don haka ga roƙona.

Ina roƙon a sanar a layi, da Hausa da Julanci da Faransanci, cewa ban nemi ko tamma ɗaya ta kuɗi a kan kowace kaza ba. A sanar da Madam Akisi musamman, don har yau in ta gan ni sai ta kau da kai.

Ina roƙon a mayar mini da katina ba tare da sharaɗi ba. In cunkoso ne damuwar, a ƙara mai yanka na biyu a ranakun biki, wurin zai ɗauke mu.

In kuwa kwamiti ya ga ba zai iya haɗa katina da ruwan kaji ba, sai ɗaya, to na zaɓi ruwan: a bar mutumin da aka sa a rumfar, shi ma mai iyali ne. A umarce shi kawai ya ajiye ruwa ya kuma rataya buhu. Na bi ta wajen ranar Juma'a, na ga an tara kaji ɗaure a rana gabansa, yana wasa wuƙa a kan dutse suna kallo. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya koya masa. In an yarda zan zo in nuna masa, ba sai an ba ni komai ba.

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa kasuwarka albarka, ya raya maka zuriya. Allah ya jiƙan Alhaji Bawa, ya ƙara wa ɗansa ilimi mai amfani. Allah ya raba mu da hakkin wanda ba ya iya kai ƙara. Ranar da harshenmu ya yi nauyi, kai da ni da duk wanda ya karanta wannan takarda, Allah ya sa a samu mai zama kusa da mu da cokali, wanda ba zai tsaya lissafin minti nawa ya rage ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sallau ɗan Madawa, mai yanka,
Treichville.