Wai Abarshi Ya Gudu

Auta,

Ba zan iya jiran dawowarka daga Kutemeshi ba. Malam Jumare ke rubuta mini wannan a allo, na ce kada ya gyara mini magana.

Da hantsi mutum biyu suka zo daga dajin Randagi, daga wajen Sarkin Maƙera, inda ɗanka Abarshi ke koyon narka tama, dutsen da ake fid da ƙarfe. Rigarsa suka kawo, wai ya gudu. Ƙarya suke! Yaron da ya shekara uku yana zuga wutar maƙera har hannunsa ya yi kanta don a karɓe shi, cikin yara ashirin aka ɗauki biyu har da shi, shi ne zai gudu? Rigar duk jar ƙasa ce irin ta ramin tama, kuma sun kasa kallon idona. Ina jin rami ne ya rufta da shi.

Wai mace ba ta zuwa kusa da murhunsu na narka tama, in ta taka wurin ƙarfen ya lalace. To, can na nufa. A bakin murhun zan zauna har su nuna mini jikana.

Kada ka gaya wa uwarsa tukuna. In jibi ta yi ba ka gan ni ba, tara maza ku taho da kayan tono.

Innarka